Layukan da Gwajin Abdulrashid Bai Taka Ba

Abdulrashid mutumin Gummi ne, shagonsa na bayan tashar mota, inda yake buga wa jama'a takardu. Ba kowa ya sani ba, amma shi ya rubuta manhajar intanet da ƙungiyar makiyayan yankin ke rajistar allurar shanu da ita. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya gaggawa ko a cin abinci.

Ga yadda yake aiki. In ya gama rubutu, sai ya shirya ƙananan gwaje-gwaje, kowanne ya taɓa ɓangare guda ya ga ko lafiya. Sannan ya sa kwamfuta ta auna masa layi nawa na rubutun manhajar gwajin ya taka. Wanda aka taka ya fito kore, wanda ba a taka ba ya fito ja.

Ana jibi buɗe rajistar bana, gwaje-gwajen duk suka wuce, awon ya nuna kashi casa'in da ɗaya. Barau, sakataren ƙungiya, yana gefe da kwanon fura, ya ce a sallami aikin haka nan, ko ɗan makaranta ne ya ci wannan maki ai sai guɗa.

Abdulrashid ya nuna masa allon kwamfutar ya ce, "Kawu, wanga jan hwa?"

"Layi tara kacal, ɗan nan. Kai dai ka cika bin diddigi."

Abdulrashid ya karanta layukan a hankali. Ashe nan ne ya tsara cewa in lambar waya ta shigo sau biyu, sabon suna ya goge na baya, a zatonsa mutum guda ne ya maimaita. Sai ya tuna Hayatu, wani makiyayi na wajen Nasarawa Burkullu, wanda wayarsa ita kaɗai ce a rugarsu mai gida shida. Da an buɗe haka, da shanun gida biyar sun rasa allura.

Ya shirya gwaji mai suna shida da lamba ɗaya, gwajin ya faɗi. Ya gyara layukan, ya sake gwajin, ya wuce.

Ranar allura Barau ya dawo da yamma, ya ce Hayatu na ta mita wai an shanya su a rana har azahar. Abdulrashid ya tambaya ko an kira gida shidan duka, ya ce an kira. Ya ce madalla, ya ja ƙofar shago ya tafi sayen kifin da Innarsa ta aike shi tun safe.