Tambayar da Na Haɗiye a Inugu

Na yi wa marasa lafiya tafinta a Kumasi, na yi a Fort Lamy, har a Khartum na taɓa yi. Likitan Faransa yakan jefo tambaya kamar ɗan sanda, na Sudan kuwa sai ya gaishe ka da iyali tukuna. Duk yawon nan sau ɗaya tak na taɓa haɗiye tambaya, a Inugu ne, shekarar rikicin da ya haifi yaƙin basasa.

Lokacin Hausawan unguwar Ogui kowa na ɗaure kaya. An ce jirgin ƙasa zai kwashe mu zuwa Arewa ranar Asabar, ba wanda ya san ko za a sake samun wani. Ana cikin haka sai idanun shugaban mahautanmu suka koma kamar gwaiduwar ƙwai. Dattijo ne, Baba muke ce masa, ɗan sahun farko a masallaci, kuma sa'an mahaifina. Da yake ina jin Turanci da Ibo, ni aka ce in raka shi asibiti.

Aka danna masa ciki, aka ɗebi jini, muka koma bayan kwana biyu. Likitan, wani Ibo gajere mai fara'a, ya ce akwai wani abu rawaya a cikin jini, bilirubin, hanta ce ke tace shi. Na Baba ya hau sosai, shi ne ya fito a ido. Na fassara.

Baba ya ce, "Hanta? Tun ina saurayi nake yanka ta, yau ita za ta rama?"

Sai likita ya ce da ni, da Turanci, "Tambaye shi, yana shan giya?"

A garinmu ko sunan sa'an ubanka ba ka kamawa, balle wannan. Na ce, "Ba ya sha."

"Ai ba ka tambaye shi ba."

"Ba sai na tambaya ba."

Likita ya ɗaga kafaɗa. In ba giya ba ce, in ji shi, dole ya ɗauka ciwon shawara ne mai yaɗuwa. Zai kwantar da shi a keɓe mako uku, ba zai bari ya shiga tarago cike da mata da yara ba.

Wannan kam na fassara. Baba ya ƙirga kwanaki da yatsu, ya tsaya a Asabar.

"Kai ɗan nan, akwai maganar da ya yi, ka amsa ba ka juyo mini ba. Mece ce?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ne ya sa kake zufa?"

Na sunkuyar da kai. "Cewa ya yi, wai ko akwai abin da ake sha, ban da ruwa da koko."

"Ake sha? Wa ke sha, ni ko kai?"

Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya tsallake ni, ya fuskanci likita da guntun Ibonsa na kasuwa. Ya ce matar da ke sayen kayan ciki a wurinsa takan ajiye masa ogogoro a bayan rumfa. Da farko don sanyin damina ne, daga baya ko da rani.

Likita ya sake danna masa ciki, ya ce dama hannunsa ya gaya masa. Zai sallame shi, amma hantar ta kumbura, kuma duk kurɓin da ya ƙara kabari yake haƙa wa kansa. Yana faɗa yana ɗaga yatsa. "Wannan ka fassara masa duka," ya ce da ni, "kada ka rage."

Na fassara duka, har da ɗaga yatsan.

A hanyar komawa Baba ya ce, "In mutane sun tambaye ka fa?"

"Shawara ce, Baba."

"To ai shawarar ce. Mun yi ƙarya?"

Ranar Asabar muka shiga tarago ɗaya, a tsaye, kamar an ɗaure ƙirare. Wani ya tashi ya ba shi wuri a bakin taga. Kafin jirgi ya motsa, liman ya miƙo masa ƙullin sassaƙe ta saman kawunan mutane, ya ce a jiƙa a sha safe da yamma. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, bai dubi inda nake ba.