Baba Dakata da Fulogin da Ya Ƙi Fita

Kafin rana ta taɓa rufin garejin, Baba Dakata ya riga ya iso. Sai ya share inda zai yi aiki, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, yana goge kowanne da tsumma. Daga nan ya zauna kan wata tsohuwar kujerar mota da ta zama ofishinsa. In mota ta shigo, ba ya barin a kashe ta. "Bar ta ta gama bayaninta tukuna," in ji shi, ya karkata kunne wajen injin.

Makanikin motocin dizal ne, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don baya da gwiwoyi sun fara yi masa gardama. Sunan nan kuwa abokan sana'a suka laƙaba masa. Duk wanda ya ga ya ɗauko guduma zai huce haushi kan noti, kalma ɗaya yake ce masa: "Dakata."

Mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya ce tun suna da baƙin gashi suke tare, bai taɓa ganin ya karya ƙarfen mutum ya ce dama a karye ya zo ba. Mai faci kuma har yau yana ba da labarin ranar da Baba ya jefar da sifana ya bi wata motar haya da gudu, yana ɗaga hannu yana ihu. Fasinjoji suka ɗauka taɓin hankali ne. Ashe wata ƙara ya ji daga tayar gaba lokacin da motar ta gifta. Da aka duba, notunan sun kusa zubewa, ga mota maƙil da mutane.

Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa.

Yayana tela ne. Hatsari ya hana shi amfani da ƙafafunsa shekarun baya. Yana da wata tsohuwar mota mai shan dizal da aka haɗa mata birki da totur na hannu. Da ita yake zuwa shago, da ita yake kai yara makaranta. Wanda ya yi haɗin ya rasu, kuma babu wata motar da Yaya zai iya tuƙawa. Ita ce ƙafafunsa.

Da sanyin bana ya shigo, sai ta fara ƙin tashi da safe. A yi ta murza makulli, ta yi ta tari tana fitar da farin hayaƙi. Na raka Yaya gareji. Baba ya ce fulogin hita ne suka mutu, wato wasu siraran ƙarafa guda huɗu kamar biro da ke ɗumama cikin inji kafin ya tashi. Uku suka fito ba gardama, bakinsu duk ya kumbura. Na huɗun ya ce bai san zance ba. Tsatsa da baƙin hayaƙi sun riƙe shi gam.

"A bar shi a ciki mana, Baba," in ji Yaya.

"In an bar shi, wata rana bakinsa zai ɓalle ya faɗa cikin inji. In na matsa masa yanzu, nan take zai karye. Ko wanne ya faru sai an sauke kan injin, kuma kayan wannan injin sun daina zuwa kasuwa."

Na ga Yaya ya damƙe sitiyari, fuskarsa ta canza. "To ka ɗan sa ƙarfi kaɗan, ƙila ya..."

"Dakata, ɗana. Ƙarfi ina da shi. Fulogin ne ba shi da shi."

Ya sa sababbi uku, ya ce Yaya ya riƙa biyowa kullum bayan ya sauke yara, lokacin inji ya yi zafi. Kowace safiya sai ya ɗiga man sassauta tsatsa a gindin fulogin, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya ce, "Je ka, sai gobe." Haka aka yi ta yi har matar Yaya ta gaji, ta biyo shi wata rana.

"Baba, gyara kake yi ko ɗura kake wa motar nan kamar jaririya?"

"Ai kin fi ni sani, 'yata. Jariri ma in aka gaggauta masa shaƙewa yake."

Ranar da ya ce yau ce, ina wurin. Mai walda ya kashe injinsa, mai faci ya baro tayoyinsa. Baba ya ɗauki ƙaramin sifana, ya riƙe shi da yatsu kawai. Ga mamakina, ɗaurewa ya fara yi, ɗan mitsitsi, sannan ya dawo baya. Muka ji wata siririyar ƙara, ƙiii. Ya ɗiga mai. Gaba kaɗan, baya kaɗan, gumi na sauka ta gemunsa. Sannu a hankali fulogin ya fara juyawa, amma ya ƙi tasowa, kumburarren bakin ya maƙale. Baba ya kama shi da filaya, yana murzawa yana ɗan ja.

Sai ƙas!

Yaya ya rufe ido. Ni kam na ce shi ke nan. Baba bai ko ɗago ba. "Dauɗar ce ta fashe," ya ce. Ya ƙara murzawa sau ɗaya, sai ga fulogi ya zaro, baƙi ƙirin, cikakke har bakinsa.

Wurin ya kaure da sowa. Mai walda ya hau dukan bodin wata matacciyar mota kamar ganga. Yaya ya danna hon ya ƙi saki, hawaye na zuba yana dariya. Baba kuwa ya share ramin tas, ya shafa wa sabon fulogi giris, ya ɗaura. Washegari murzawa ɗaya motar ta tashi, har yaran suka yi tafi.

Baba, kai ne ka mayar wa yayana ƙafafunsa. Kai ne likitan ƙarfe, mai hannu mai sanyi a kan inji mai zafi. Kai ne ka kalli tsohuwar mota ka ga iyalin da ke bayanta. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta cikin lafiya.

Ku masu sana'a, ku koyi wannan hali tun mai shi yana raye. Mu masu kai gyara kuma mu daina tsayawa a kan makaniki muna azalzalarsa. Wanda duk ya taɓa cin moriyar hannun dattijon nan, ya je ya gaishe shi kafin wata ya ƙare.

Sai kwanan nan muka gano cewa duk tsawon shekarun nan Baba bai taɓa mallakar mota ba, a ƙafa yake zuwa, a ƙafa yake komawa. Yaya ya rantse ranar ƙarshe ta aikinsa Baba ba zai taka ƙasa ba. Shi zai kai shi har ƙofar gida, a kujerar gaba, da hon tun daga bakin gareji.