Rakiyar Inna Zuwa Garwa

A shekarun da nake koyarwa a firamaren Tungan Maje, in an ce Abuja ana nufin garin nan na bayan Dutsen Zuma, wanda yanzu ake kira Suleja. Inda manyan benaye suke a yau gonakin doya ne da dawa, sai ƙauyukan Gwari a gindin duwatsu, sai rugagen Fulani nan da can. A ɗaya daga cikin rugagen nan ƙawata ta tashi. Tun muna yara mahaifiyarta ke kawo nono gidanmu. Da ta sauke ƙwarya sai 'yar ta yi mini ido, mu sulale mu tafi rafi. Ni an sa ni makaranta, ita ba a sa ta ba, amma hakan bai raba mu ba. Aure ne ya raba mu. Wani daga dangin babanta mai fataucin shanu ya aure ta, tana sonsa yana sonta, ya tafi da ita Garwa ta ƙasar Kamaru.

Wata ranar kasuwar Zuba masu koro shanu suka kawo labarin ta haifi ɗa namiji. Ba a jima ba sai ga mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, ta yi sallama a gidana ba tare da ƙwaryar nono ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta daɗe tana gaisuwa, sannan ta ce, "Malama, yaushe za ku rufe makaranta?"

Na ce, "Saura kaɗan a ba da hutun damina, Inna. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. An ce waccan ta sauka."

Ba ta taɓa kama sunan ƙawata ba, don 'yar fari ce. Kullum "waccan" take cewa. Na ce ai na ji labari, na yi mata barka. Ta kawar da kai ta ce, "Ni ba don ita zan je ba. Yaron nake so in gani, in ga ko ya ɗebo hancin mutanenmu. Sai dai ban san mota ba, iyakata Keffi, ita ma a ƙafa."

Da maigidana ya dawo daga ɗakin shan magani inda yake aiki na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "To, ai kin riga kin tafi a zuciyarki. Allah ya kiyaye hanya." Maƙwabcinmu, wani dattijon Bagwari da ya san mu tun muna wasan ƙasa, ya ji zancen tafiyar, ya aiko matarsa da sabuwar doya a kafaɗa, manya-manya. Ya biyo bayanta yana cewa, "Malama, in ka je ka gaishe shi. Ka ce Baba ya ce ya ci doya, kada ya manta gida." Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne, kuma ba wanda ya taɓa kasa gane nufinsa.

Muka hau bayan wata babbar motar kaya, muka bi hanyar Keffi ta Mararaba da Masaka, waɗanda a lokacin 'yan bukkoki ne a bakin hanya da mata masu tallar gyaɗa. Na zaci Inna za ta tsorata da mota. Ina! Ta sami wuri kan buhun doyarmu, ta riƙe katakon motar da hannu ɗaya, ta shiga aikin da ta yi har ƙarshen tafiyar, wato duba shanun mutane. Duk garken da muka wuce sai ta yanke masa hukunci. "Waɗannan ba su ƙoshi ba." "Mai waɗannan malalaci ne, dubi kaska a wuyan bijimin can." Da muka hau tudun Jos sanyi ya kama ta, na lulluɓa mata zanena, ta leƙo ta cikinsa ta ce shanun nan kam sun ji daɗi. Abinci kuwa ba ta ci a gaban baƙi. Sai mota ta tsaya mu zaga bayan wata bishiya, ta dama furarta ta sha, ta goge baki kamar ba abin da ya faru.

Ta Bauchi da Gombe muka bi, muna kwana a gidajen da direbobi suka sani, har muka isa Yola. A can mijin ƙawata ya tarye mu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida surukarsa, ita kuma ta amsa tana kallon wani gefe. Ya ce mana hanyar mota ta ɓaci saboda ruwa, sai dai mu bi Binuwai a jirgi mai inji. Nan ne tsoro ya kama Inna. Ta zauna a tsakiyar jirgin, ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta sake magana ba sai salati. Ni kuwa na buɗe ido ina kallon ruwa ya cika ya batse, ja wur, yana ɗauke da rassan itace, tsuntsaye farare na bin gaɓa. Ban san lokacin da muka bar ƙasarmu ba, sai da wani mai kaki ya leƙo ya yi magana da Faransanci, mijin ƙawata ya nuna masa takardunmu.

Da muka shiga gidan, ƙawata ta fito a guje ta rungume ni har muka kusa faɗuwa. Ta yi ƙiba, ta yi haske. Sai ta hango mahaifiyarta a bayana, ta sake ni, ta durƙusa nesa kaɗan ta ce, "Sannu da hanya." Inna ta ce, "Yauwa." Shi ke nan gaisuwar mutanen da suka shekara biyu ba su ga juna ba. Aka miƙo jaririn, Inna ta juya shi ta duba, ta ja hancinsa, ta ce ba laifi.

Garwa ta ba ni mamaki. Motoci na bin hannun dama, ga shi mu a lokacin hagu muke bi, sai na riƙa duba inda ba mota in zan tsallaka titi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai ɓawo, ana tsoma shi a kofi da madara da safe. A bakin kogi manyan jirage sun zo tun daga teku, wai sai da damina suke iya isowa, leburori na loda musu auduga da gyaɗa suna waƙa. A kasuwa kowa Fulatanci yake yi, har waɗanda ba Fulani ba, sai na riƙa bin bayan Inna tana yi mana ciniki. Ranar da aka daka sakwara da doyar Baba, matan maƙwabta suka shigo kallo, aka ɗiba wa kowa ɗan kaɗan.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Gidan babba ne, ga uwar miji, ga matan 'yan'uwansa, kuma ƙawata ta zama wata iri a cikinsu. Ta kawo mini abinci ta durƙusa ta ce, "Malama, ga abinci," ta tashi ta fita. Ni ce Malama a bakinta! Ɗanta ma ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, sai in za ta ba shi nono ta shige ɗaki. Yini yake a bayana ko a cinyar kakanninsa. Na san kunya ce ta ɗan fari, na san kuma idon surukai, amma na fara tunanin ko na sha wannan doguwar hanya ne don a yi mini hidimar baƙuwa kawai.

Ana nan sai mijin ƙawata ya ce zai je cin kasuwar shanu a Lere, cikin ƙasar Chadi, ba nisa sosai. Ya ce wa mahaifiyarsa, "Baƙin nan sun zo daga nesa, bari in kai su su ga wata ƙasar, su sami abin faɗa in sun koma." Tsohuwar ta ce ita ƙafarta ba ta son mota, amma a tafi da mai jego ta sha iska, tunda ta yi arba'in tuni.

Muka fita da sassafe a motar wani abokinsa. A hanya ruwa ya sauko, wani rafi ya cika ya hau kan hanya, muka zauna jiran ya janye tare da wasu motocin. Ba wanda ya damu. Mata suka fito daga ƙauye da dafaffiyar masara, direbobi suka shimfiɗa buzu suka yi sallah. Da ruwan ya ja muka haye. Ƙasar ta buɗe, duwatsu suka ragu, muka fara ganin gidajen mutanen wurin, na laka, zagaye da rumbuna dogaye masu kai kamar tulu. Na ce wa Inna sun yi kama da rumbunan Gwarinmu. Ta ce na Gwari sun fi gajarta, kuma matan nan a ka suke ɗaukar kaya.

A Lere akwai wani tabki mai faɗi, ruwansa kwance lumui. Maigidan ya ajiye mu a inuwar wata tsamiya kusa da wata mata mai suyar kifi, ya ce zai shiga kara inda ake cinikin shanu, sai bayan la'asar. Yana ɓacewa ƙawata ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ga ba wanda ya san ta a duk faɗin ƙasar. Ta cire mayafi ta yar a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ke, ba ni ɗana!"

Ta kwance shi daga bayana, ta ɗaga shi sama, ta sumbaci cikinsa, tana yi masa wasa yana ɓangale baki. Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma ba ni labari. Har yanzu kina tsoron ƙadangare? Wa ya auri 'yar mai ƙosan nan ta bakin kasuwa? Mangwaron bakin rafi yana nan?"

Na ce, "Au, yau ba Malama?"

Ta fashe da dariya har da hawaye. "Wallahi duk lokacin da na faɗa sai in ji kamar in tuntsire. To ya zan yi? Sun ji an ce malamar makaranta za ta zo, in na ce miki ke, sai su ce ba ni da tarbiyya."

Muka sayi kifi mai zafi da yaji, muka ci da hannu, muna magana baki cike. Ta ce shekarar farko ta sha kuka, ba don ana ƙuntata mata ba, sai don in ta fito ƙofar gida ba ta ganin dutse ko ɗaya da ta sani. Yanzu ta saba. Tana da awaki nata, uwar mijin tana sonta, shi kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Duk wannan hira Inna na gefe ta ba mu baya, wai tana kallon ruwa. Can sai muka ji ta ce, "Wa ya yi miki wannan kitso?"

Ƙawata ta shafa kanta ta ce, "Wata maƙwabciyarmu ce."

"Ba ta iya ba. Zo nan."

Ƙawata ta miƙo mini yaron, ta matsa ta zauna a gabanta. Inna ta zaro tsinke daga gashinta ta fara tsefewa. Can sai na ji sun fara magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, ɗaya ta faɗa ɗaya ta amsa. Na goya yaron na bi bakin tabkin na ba su wuri. Wani masunci mai jin Hausa kaɗan ya nuna mini kunnuwan dorina can tsakiyar ruwa, ya ce akwai ayu ma a ciki, amma ba ya fitowa sai ya ga dama. Na tsaya na jira, bai ga dama ba. Da na dawo kitso ya kusa ƙarewa, idanun su biyun sun yi ja, Inna na faɗa wai hayaƙin mai kifi ne.

Muka kwana a gidan wani dillali, washegari muka zaga kasuwar garin, na sayi busasshen kifi da tabarma mai launi, muka koma Garwa. Muna shiga gida ƙawata ta ja mayafinta ta koma ce mini Malama, amma yanzu in ta faɗa sai ta ɗan taka mini ƙafa.

Da hutu ya zo ƙarewa na ce wa Inna mu fara shiri. Ta ce, "Ki gaida gida. Yaron nan bai gama sanina ba, sai kaka." Aka haɗa ni da wata 'yar kasuwa mai zuwa Jos, na dawo tare da ita. Tun kafin in huta na tafi ruga na gaya wa mahaifin ƙawata cewa matarsa ta zauna. Ya ce, "Dama na sani. Ta tafi da ƙwaryarta ta aure, ai ba ta ɗaukarta in kwana kaɗan za ta yi."

Sai da aka gama girbin dawa Inna ta dawo, tare da ayarin masu shanu. Ta zo gidana da ƙulli a hannu. Ashe bayan tahowata mijin ƙawata ya saya mata keken ɗinki, kuma rigar farko da ta ɗinka tawa ce. Atamfa ce shuɗiya mai kyau, sai dai hannun dama ya fi na hagu tsawo. Ran Litinin na sa ta na tafi makaranta, na naɗe hannun guda, na shiga aji.