Karsanar da Ta Hana Bajamushe Hawa Mota

Ina kan keken ɗinki a shagona na Kalgo, ina haɗa hannun wata riga, ƙanwata Hadiza ta kira ni daga Gwandu. Ba ta ja gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya, Kaka ya cika, yanzu bayan azahar." Na yi salati, na sauke ƙafata daga keken, na rufe shago na nemi mota.

Kakanmu Bajamushe ne. Ya zo ƙasar nan yana saurayi tare da masu haƙa rijiyoyin burtsatse, ya musulunta aka sa masa Yusufa, ya zauna a Gwandu har gashin girarsa ya yi fari, har ya ɗauki 'ya'yan jikokinsa a cinya. Amma a cikin motar ba fuskarsa na riƙa gani ba. Muryar Inna na riƙa ji, matarsa, kakarmu, wadda ta riga shi tafiya da daɗewa.

Lokacin sanyi, in an ci tuwo an wanke hannu, Inna takan hura wutar kara a tsakar gida mu kewaye ta. Kaka yana gefe kan kujerarsa, kullum da wani abu a hannu, ko fitilar maƙwabta ko injin ban-ruwan wani, yana gyarawa. Inna Bafulatana ce, har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunan mijinta ba. Da yake ba ta iya ba da labarinsa kai tsaye, sai ta mayar da shi tatsuniya.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata," in ji ta.

"Mun matsa, ta zauna," mu amsa.

Wai an yi wani baƙo ja kamar garwashi, wanda rana ke ɓare wa fatar hanci. Wata yarinya tana kai tallar nono wurin da suke haƙa, shi kuwa kullum sai ya saye ƙwaryar duka, alhali cikinsa ba ya ɗaukar nono. Rannan ya bi ta har rugar ubanta, ya tsaya ƙiƙam, ya ce yana son ta. Tsohon ya san irin waɗannan baƙi: in aiki ya ƙare sukan ɗaure kaya. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya shiga garke ya kamo karsana, ya miƙa masa igiya. Habbanaye ke nan: a ba ka karsana ka riƙe, in ta haihu maruƙan naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita lafiya lau. Ba a sayar da ita, ba a barin ta hannun wani.

"Baƙo bai san saniya ba," in ji Inna, tana danne dariya. "Ya gina mata ɗaki da ƙofa da taga, yadda ake yi garinsu. Gwandu duk aka zo kallo. Amarya ma ba ta samu irinai ba."

Sai Kaka ya ɗago. "Ba taga ba ce. Ƙofar iska ce."

Inna ba ta dube shi ba. "Ku gaya wa wancan mutum tatsuniyag ga ba tashi ba ce."

Mu yi ta dariya har ƙananan cikinmu su faɗi kan tabarma.

Daga nan muryarta takan sauka. Aikin rijiyoyi ya ƙare, babbar mota ta zo kwasar ma'aikata. Abokan baƙo suka hau, direba yana ta danna oda. Yarinya mai nono ta laɓe bayan wata tsamiya, ta riga ta gama kukanta. Baƙo ya fito da akwatinsa, ya dubi mota, ya waiga ya dubi karsana tana leƙowa ta tagar nan. Ya ajiye akwati. Ya ce su tafi, akwai amanar mutane a hannunsa, kuma ba ta haihu ba.

A nan nakan katse ta. "Inna, don saniyar ya tsaya ko don yarinyar?"

"Kai maigidana, ka cika tambaya. Je ka tambayi saniyar."

Ranin da ya biyo baya ya yi tsanani, shanu suka yi ta faɗuwa. Baƙon da ya saba da inji ya koma neman harawa da dusa a kan keke, wani lokaci har Ceberu, ya haƙa wa karsanar rijiya da hannunsa. Ta rayu, ta haihu, ta sake haihuwa. Ranar da ya mayar da ita, ya wanke ta, ya sa mata sabuwar igiya, ya ja ta a ƙafa har ruga. Tsohon ya zagaya ta, ya shafa tozonta, ya ce, "Ashe kana zama. To, mi kac ce kana so?" Baƙo ya ce, "Mai nono." Inna takan tsaya nan ta ture kara cikin wuta, ta ce, "Wuta ta kwanta, magana ta kwanta. Ku tashi."

Muna yara, ɗakin saniya muke jira a labarin. Sai da na girma na lura cewa mutumin bai daina ajiye akwatin nan ba. Sau ɗaya ya je Jamus, da mahaifiyarsa ta rasu, ya dawo kafin a yi girbi. Shi ya kai iyayenmu makaranta a kan keke, ya kai mu. Da Inna ta kwanta ciwo shi ke wanke mata tufafi, mutane suka yi surutu har suka gaji.

Na isa Gwandu ana shirin sallar jana'iza. Ban taɓa ganin taro irin wannan a unguwarmu ba. Makiyaya sun zo daga Diggi da Dodoru da sandunansu a kafaɗa. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce rabin garkensa daga jinin karsanar nan yake, domin Kaka ma ya yi ta ba da habbanaye ga duk wanda shanunsa suka ƙare. Aka ɗauke shi, kafaɗa tana karɓa daga kafaɗa, aka kwantar da shi kusa da Inna. Ban ji wanda ya ce baƙo ya rasu ba.

Bara na je wa Kaka da maganar cewa ɗinki ba ya riƙe ni, zan bar matata da yara a Kalgo in tafi Legas, sai abin da hali ya yi. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya dogara sandarsa zuwa bayan gida, ya dawo da karsana ya miƙa mini igiya. Na gane, na ji kunya, na karɓa. Ban tafi ba.

Karsanar tana bayan gidana yanzu, ƙarƙashin rumfar da na yi mata. Cikinta ya tsufa, ba ta haihu ba tukuna, kuma ban san hannun da zan mayar wa igiyar ba.