Riga Kan Riga

A ofis Yaya muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekara goma sha ɗaya teburina na jikin nata, kuma ban taɓa ganin ta ci abincin rana da hannu biyu ba. Hannu ɗaya na kan cokali, ɗayan na kan linzamin kwamfuta, tana karanta laburare.

Laburaren nan ba na littattafai ba ne. Tarin kayan aiki ne da ke zuwa tare da yaren da muke rubuta manhaja da shi. Mu dai kira muke yi ya yi mana aiki mu wuce. Ita kuwa sai ta buɗe cikinsa ta ga yadda aka ɗinka shi. Ba ta yi jami'a ba, daga buga takardu ta fara. A cikin laburaren ta lura akwai dabarun gini da ke ta maimaituwa, sai ta raɗa musu suna. Wanda ake naɗe abu cikin wani don ƙara masa aiki, Riga Kan Riga. Wanda ke sanar da kowa in abu ya canza, Mai Shela. Wanda ba a yarda a yi biyunsa ba, Tilon Uwa. Mun sha yi mata dariya, ni ce ma kan gaba.

Sai aka kawo sabon shugaban sashe, ya ce za a rage mutane, kuma jarrabawa ce za ta raba gardama. Tambayoyin duk a kan dabarun nan ne, amma da sunayensu na littafi ake so. Yaya ga tsohuwa a gida, ga 'ya'yan ƙaninta marigayi su uku. Na ba ta littafina mai sunayen, ta kwana huɗu da shi, ta dawo min da abina.

"Ƙanwata, sunayen nan ba sa zama," ta ce. "Kamar a ce in sake wa 'ya'yana suna ne."

Ranar jarrabawa nata sunayen ta rubuta. A gaban kowanne ta sa fayil ɗin da yake zaune a laburare, har da layin. Mai dubawa ya ba ta sifili. Wallahi ranar ban iya kallon ta ba, tausayi ya hana ni.

Shugaban ya ɗauki takardar, ina jin don ya samu hujjar sallamarta ne, ya shiga buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Can bayan azahar sai ga shi ya jawo kujera gefenta.

"Yaya, wannan Riga Kan Rigar, shekara nawa ina aiki da laburaren nan ban san yana ciki ba. Akwai wasu?"

"Ranka ya daɗe, akwai tara. Ka ci abinci kuwa? Za mu daɗe."

Sunanta bai fito cikin waɗanda aka sallama ba. Da ya tashi sai ta juyo wajena. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Dawo min da littafin nan naki. Suna ɗaya zan riƙa haddacewa kullum, kin ji? Kada wani ya sake zuwa wanda ba zai buɗe fayil ba."