Zaren da Na Yanke

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha tara ga watan nan, ina tsaye kan kujera ina gyara ƙyallen da muka rubuta wa "Watan Tarihi da Al'adunmu", sai wayata ta yi ƙara. 'Yarki ce. Ta ce, "Malam, Iya ta cika." Na sauko na zauna, ƙyallen kuma har yau a karkace yake.

Shekara ashirin da biyu kina share ɗakin karatun nan na unguwa, Iya. A takarda ke mai shara ce, amma duk wanda ya san yadda ake shirya wannan wata ya san a wuyanki yake. Mu namu jawabi ne da kujerun roba, da lasifikar da ba ta taɓa kai ƙarshen taro lafiya ba. Na gaji da shi tuntuni, ban kuma ɓoye miki ba. Kowace shekara manyan baƙi su zo a makare, su ce bambancinmu ne ƙarfinmu, su sha lemo, su kama gabansu. In na fara mita sai ki yi dariya ki ce, "Malam, kai gajiyarka a baki take, tawa a ƙafa."

Gaskiyarki ce. Ke kike bi gida-gida kina karɓo aron kayan da za a baje: tsohuwar fitila, akwatin ƙarfe, hoton kaka, mayafin da ya ƙetare ƙasa uku a ƙunshe. Unguwarmu kowa da inda iyayensa suka taso, kowa da harshensa, kuma ba mai miƙa wa ofis kayan kakansa. Ke suke ba wa, don ke ce kike zama ki saurari labarin kowane abu har ƙarshe, ko da kin ji shi bara. Ba ki iya rubutu ba, sai ki ɗaura wa kowanne zare. Ja mai ƙulli biyu na gidan mai wanki, kore na tsohuwar ungozoma. Ba ki taɓa kai kayan wani gidan wani ba.

Bana aka kawo mana akwatunan gilashi, aka ce za a zo ɗaukar hoto. Na dubi zarurrukan nan suna reto, na ga sun ɓata tsari. Na ɗauki almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya na yanke, na buga katuna masu kyau da sunayen ƙabilu. Akwai wasu tsofaffin makullai uku daga gidaje uku, masu kama da juna kamar 'yan uwa. Na haɗe su wuri guda, na rubuta "Makullan gidajen da aka baro", ina jin na yi gwaninta.

Kika shigo da tsintsiya, kika tsaya. Kika ce, "Malam, ƙabila ce ta ba mu aro? Mutum ne fa ya ba mu."

Na ce ai duk kin san su a ka.

Kika ce, "Kan nan ba na ofis ba ne. Wata rana zan tafi da abina."

Na yi dariya. Ke ba ki yi ba. Kika durƙusa kina tsince zaren da hannu, ba ki yarda kin share shi ba.

Bayan rasuwarki mutane suka yi ta zuwa, kowa ya gane nasa ya ɗauka. Sai makullan nan. Biyu na jikoki ne da ba su taɓa ƙare musu kallo ba. Na ukun na wani tsohon direba ne, wanda mahaifinsa ya kulle gida a wata ƙasa da niyyar komawa, bai koma ba. Idonsa ya yi rauni yanzu. Da ya zo na zuba masa su a tafin hannu, ya daɗe yana shafawa, yana juyawa, ni kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Can ya ajiye duka ukun a kan tebur ya ce, "Ɗana, ƙofar ma ai ba ta nan. Ni dai hankalina a kwance yake, don na san akwai mutum ɗaya da ya san wanne ne na babana."

Ya lalubi sandarsa ya fita hannu banza. Makullan suna cikin aljihun teburina, kusa da almakashin.

Tun ranar da kika tsince zaren na yi niyyar ba ki haƙuri. Na ce bari a gama hidimar watan tukuna. Watan bai ƙare ba, Iya, kika tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki da jikokinki, da duk gidan da ya taɓa buɗe miki ƙofa. Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Ya Ubangiji, baiwarKa ta riƙe amanar mutane, ta mayar wa kowa nasa. Ka saka mata da gidan Aljanna, ni kuma Ka yafe mini abin da ban samu na roƙe ta ba. Amin.