Gwaggo Asabe da Zazzaɓin Bango

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe ya san ba ta gaisuwa sai ta taɓa bango. Za ta yi sallama, ta cire takalmi, kina shimfiɗa mata tabarma ita kuwa tafin hannunta na jikin ginin gidanki, ta karkata kai kamar likita. Har a gidan rasuwa ta yi haka a unguwar Koki. Mata cike da tsakar gida ana ta kuka, ta dafa bangon siminti ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Amma ɗakin nan zazzaɓi gare shi, ku da kuka rage ku yi hattara." Ni na rako ta, ban san inda zan sa fuskata ba.

Ku kuna dariya ne don ziyara kawai kuka riƙa kawo mata. Ni zama na yi da ita. Ita ta riƙe Abban Ummi, mijina, tun yana yaro, gidan da muke ciki a unguwar Jakara kuma gadon ubanta ne, ginin ƙasa tun na kakanni. Bangon ɗakina akwai tsaga, tun daga sama har daidai inda yara ke kwanciya. Hadari na haɗowa nake janye su daga gindinta, don kowa ya san yadda ɗakin ƙasa ke ruftawa da damina a cikin birni. Na yi naci, na yi kuka, na yi fushi, har Abban Ummi ya sayo bulo aka jibge a zaure, za a rushe a yi mini na siminti da rufin kwano kamar kowace mace. Gwaggo ba ta hana ba, na ɗauka ta haƙura.

Ana nan sai Rukayya, ƙanwar mijina, ta sami gado a sabon ɗakin kwanan ɗalibai na jami'arsu, muka shirya kai mata ziyara. Da na san abin da zai biyo baya da na ɓoye takalman Gwaggo ran nan!

Gini ne babba, hawa-hawa, ja wur. Tagogi na kallon juna, farantan sola jere a sama, ruwan wankan 'yan mata ma an yi masa hanya zuwa gindin bishiyoyi. Gwaggo ta dafa bango. Ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba.

"Ke Rukayya, ƙasa ce wannan?"

"Ƙasa ce Gwaggo, da inji aka matse ta. Wai don ɗaki ya yi sanyi, a rage shan wuta."

"Masu digiri ne suka gina?"

"Su ne mana."

Ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa. A take na san bulona ya tashi daga aiki.

Sai kuma ta gano ƙwan lantarkin baranda, wanda ke kunna kansa in mutum ya shigo, ya mutu in ya fita. Wayyo Allah! Tsohuwa ta dinga shiga tana fita, tana shiga tana fita, har da laɓewa bayan ƙofa ta ga ko zai yi ha'inci. Ɗalibai suka tsaya suna kallo, Rukayya ta gudu ɗaki. Gwaggo ta ce da ƙarfi, "Wallahi ƙwan nan ya fi duk 'yan gidana tarbiyya."

Muna komawa gida ta tsare Abban Ummi a zaure. "Jami'a guda ta dawo ƙasa, kai ɗan tireda za ka koma siminti? Ba a gidan ubana ba." Bawan Allah ya sunkuyar da kai, ka ce ba shi ne ke yi mini tsawa kan gishirin miya ba. Bulona kuwa ya zama kayan Gwaggo. Ta ɗora randa a kan wasu, ta yi wa kajinta akurki da wasu, in ta yi baƙi ta ce, "Ku zauna kan ɗakin amarya."

Daga ranar ta naɗa kanta ƙwan baranda. In na taka tsakar gida ɗauko buta, kafin na juyo ɗakina ya yi duhu. Wata rana da magariba, an kawo wuta da ƙyar bayan kwana da kwanaki, na kwantar da jaririna Sadiƙu ƙarƙashin fanka na fita kwashe tuwo. Sai na jiyo kukansa. Na tarar fanka a tsaye, ƙwai a kashe, yaro ya jiƙe sharkaf.

"Haba Gwaggo! Me ya sa?"

"Ba kowa a ɗakin."

"Sadiƙu fa? Ba mutum ba ne?"

"Karatu yake yi da zai nemi fitila?"

Ban gama hucewa ba, na je sunan ƙawata na dawo na tarar da ƙura har cikin kwanukana. Gwaggo ta kira magini ya huda mini bango ta baya, daidai saitin ƙofa, wai iska ta shiga ta nan ta fita ta can irin na jami'a. Abin da ba ta lissafa ba, su jami'a bishiyoyi ne a bayansu. Mu kwata ce, ga kuma Larai mai waina da itacenta ɗanye. Hayaƙi da wari suka sami hanya, muzurun maƙwabta ma ya samu. Na cusa tsohon zane na toshe. Sai ta zagaya ta lungu da sandarta ta zunguro shi ciki, ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Kin ji iska?"

Na ce, "Na ji waina dai, Gwaggo."

"To, ga sanyi ga ƙamshi, duk kyauta, kina ɓata rai."

Ranar da ruwan farko ya sauka kuwa ba dariya. Da safe na ga tsagar ta yi laima, ƙasa na zubowa kan katifar Ummi. Na goya Sadiƙu, na kama hannun Ummi, na ɗauki jaka. Gwaggo tana zaune kan bulona a zaure.

"Ina zuwa da sassafe, uwar 'yan tsoro?"

"Gidanmu. In ke kin gaji da duniya, 'ya'yana ba su gaji ba."

Ban taɓa faɗa mata magana irin wannan ba. Ta miƙe ta shiga ɗakin, ta ɗora hannu kan tsagar, ta bi ta har ƙasa. Da ta fito ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ajiye jakar. Kwashe kayanki ki kai ɗakina." Ɗakin nata ne mafi kauri a gidan, wanda ko jika ba ta bari ya kwana a ciki. Ta ja tabarmarta zuwa nawa, ta shimfiɗa daidai gindin tsagar.

Na ce, "In ya faɗo miki fa?"

"Ya san ni tun ina rarrafe. Ba zai fara ba."

Ta sa aka kawo jar ƙasa aka kwaɓa, magini ya ɗinke sama, ita kuma ta yaɓe ƙasan da hannunta, tana yi tana yi wa bangon faɗa kamar yaro. Duk daminar nan, ko yayyafi aka yi sai ta zagaya ɗakunan biyu tana dafawa, wanda muke kwana kafin wanda take kwana.

Bayan damina ta kwanta ciwo, a ɗakin mai tsagar ta cika. Bangon kuwa yana nan tsaye ƙyam, kamar da gangan don ya ba ni haushi.

Kada ku ɗauka na sauka daga maganata. Har gobe ina son ɗakin siminti, kuma ramin nan da ta huda na toshe shi da bulona guda. Sai dai da Abban Ummi ya ce to yanzu a kira magini a rushe, na shiga share ɗakin, na ga shatin tafin hannunta a jikin yaɓen, har da karkataccen ɗan yatsanta. Na ce masa ya bari tukuna, ban shirya ba. Jiya da hadari ya haɗo na tsinci kaina ina zagaye gida ina dafa bango, Ummi na biye da ni tana tambaya, "Umma, zazzaɓi gare shi?"

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya yafe mata, ya yafe mini maganar da na faɗa mata a zaure. Allah ya yalwata makwancinta, ya sanyaya shi, ya buɗe mata taga mai kallon Aljanna, ya haskaka kabarinta da hasken da ba mai kashewa. Amin.